Me Ya Sa Ƴar Motar Robo Ke Mutuwa da Zarar Ta Taka Ƙasa?

Ƙanena, tambayarka ta iso ni, kuma na ji daɗin yadda ka zayyana komai dalla-dalla, don hakan ya rage mini rabin aiki. Ga abin da na fahimta. Ka haɗa ƴar motar robo da hannunka a gida, nan Yamai, da allon Arduino Uno wanda shi ne ƙwaƙwalwar motar, da L298N mai tuƙa injuna, da HC-05 da ke karɓar umarni daga salularka ta Bluetooth, da injunan nan rawaya masu giya guda huɗu. Duka kuwa batir ɗaya ne ke ciyar da su, ɗan ƙaramin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9. Idan ka ɗaga motar sama, tayoyi na juyawa. Da ka ajiye ta ƙasa ka danna gaba, sai ta yi ɗan zillo ta tsaya cak, salula ta ce haɗi ya yanke, fitilar HC-05 ta koma ƙyaftawa da sauri. Ka gwada pil huɗu, ƙananan baturan nan masu bolt 1.5 kowane, abin ya ƙara taɓarɓarewa. Yanzu kana tambaya ko kod ɗinka, wato umarnin da ka rubuta wa Arduino, shi ne ke da kuskure, ko HC-05 ne ya mutu ka sayo wani, ko kuwa ka ɗora mata batir ɗin moto na bolt 12 kowa ya huta.

Kada ka sayi komai tukuna, kuma kada ka taɓa kod ɗin. Kod ɗin da ya juya tayoyi a sama shi ne dai a ƙasa, bai san motar tana rataye ko tana kan siminti ba. Abin da ya canza tsakanin sama da ƙasa shi ne nauyin da aka ɗora wa injuna, nauyin kuma a wajen batir yake sauka. Motarka ba ta samun wutar da ta ishe ta a daidai lokacin da ta fi buƙata, shi ke nan. Amma ina so ka gane yadda abin ke faruwa, domin wanda ya gane shi sau ɗaya ba zai sake kwana yana zargin kod ba.

Mu fara da injin. Ƙaramin inji irin wannan, idan yana cikin juyawa, shi kansa yana haifar da wata wuta da ke tunkuɗe wadda ke shigowa daga batir, shi ya sa ba ya cin kuran da yawa, wato wutar da ke gudana a waya wadda ake aunawa da ampar. Ba kaya a kansa, kowane ɗaya abin da yake ja bai wuce miliampar 150 zuwa 200 ba. Amma idan yana tsaye aka sakar masa wuta, wannan tunkuɗar babu ita. Abin da ya rage tsakanin ƙafafun batir biyu ɗan zaren tagulla ne kawai da aka naɗe a ciki, sai kuran ya kwarara. A wannan lokacin inji ɗaya na iya jan fiye da ampar 1, har ya kai wajen 1.5 idan bolt 6 ya samu. A sama, taya na ɗaukar gudu cikin ƙiftawar ido, don haka wannan haɗamar ba ta daɗewa. A ƙasa kuwa sai injin ya turo nauyin motar gaba ɗaya daga tsaye, haɗamar ta daɗe. Ka ninka wannan sau huɗu, ka ga abin da kake nema daga batir ɗinka: ampar huɗu ko fiye, a lokaci guda.

Shi kuwa batir na bolt 9, in ka fasa wanda ya mutu, ƙananan ƙwayoyi shida za ka tarar an jera su, kowace bolt 1.5. An yi shi ne don mitar awon wuta, da makirfo, da na'urar da ke lasar wuta kaɗan-kaɗan na tsawon watanni. Duk abin da ke cikinsa, ko mai kyau ne, bai wuce miliampar-awa 500 zuwa 600 ba, wanda aka rubuta wa 6F22 a jiki kuma, wato mai araha da ya cika shagunanmu, bai ma kai haka ba. Ƙarancin ajiyar ma ba shi ne babban laifinsa ba. Babban laifin shi ne ƙofar fitar wutarsa ƙarama ce. Kowane batir na da wata turjiya a cikinsa, kuma gwargwadon kuran da ka ja, gwargwadon bolt ɗin da ke ɓacewa a cikin batir ɗin tun kafin ya fito. Ka san yadda ƙwan fitilar ɗaki ke dusashewa idan mai walda na maƙwabta ya ɗosa sandarsa a ƙarfe, sannan ya dawo da haskensa idan ya ɗaga? Abin da ke faruwa a motarka ke nan, sai dai ita Arduino ba ta dusashewa ta dawo. Ita ɗaukewa take yi.

Ga yadda take ɗaukewar. A kan allon L298N akwai ɗan mai daidaita wuta, 78M05, wanda ke rage wutar batir zuwa bolt 5. Ba zai iya ba ka 5 ba sai an ba shi wajen 7. Idan ta nan kake ciyar da Arduino, ko ta ƙafar Vin, da zarar batir ya faɗo ƙasa da haka, layin bolt 5 ya bi shi ƙasa. HC-05 yana son aƙalla bolt 3.6 a ƙafarsa ta VCC. Ƙwaƙwalwar Uno kuwa, ATmega328P, tana da mai gadi a ciki da ke kashe ta ya sake tayar da ita idan wuta ta faɗi wajen bolt 2.7, kuma tun kafin a kai nan ma ba a lamunce mata yin aiki daidai a gudunta na megahaz 16 ba. To ka danna gaba, injuna sun ja, batir ya durƙusa, HC-05 ya ɗauke, Arduino ta sake tashi daga farko. Da ta sake tashi sai ta saki injuna, batir ya samu sarari ya koma wajen bolt 9 kamar bai yi komai ba. Shi ya sa in ka zo da mita bayan abin ya faru, sai ka ga lamba mai kyau, ka wanke batir, ka koma zargin kod. Saurin ƙyaftawar fitilar HC-05 da ka gani shaida ce a kan haka: da sauri take ƙyaftawa idan tana jiran a haɗa ta da salula, wato yanzu ta farfaɗo. HC-05 da ya mutu ba ya ƙyaftawa ya jira ka.

Pil huɗu kuma dole su fi muni. Sababbi fil bolt 6 ne. Mai daidaita wuta da ke neman 7 bai samu ba tun daga farko. Sannan shi L298N kansa, tsohon zubi ne, yana cinye wajen bolt 2 a cikinsa kafin ya miƙa wa inji saura, kuma cin nasa na ƙaruwa idan kuran ya ƙaru. Shida a cire biyu, huɗu suka rage wa injuna, kafin a ma yi maganar durƙusawar pil ɗin.

Yanzu kada ka yarda da ni haka kawai, gani ya kori ji. Nemi mita, ko ta aro ce daga mai gyaran rediyo ko salula na unguwarku. Juya ta zuwa bolt 20 na DC, baƙar waya a ramin COM, ja a ramin da aka rubuta V. Ka kula da wannan sosai: kada jar wayar ta kasance a ramin 10A lokacin da za ka ɗora ta a kan batir, domin a wannan ramin mitar kamar guntun waya take, za ta haɗe ƙafafun batir kai tsaye. Ɗora wayoyin a ƙafafun batir, motar na kunne amma tana tsaye, ka rubuta lambar. Sai ka sa wani ya danna gaba, kai kuma ka danne motar a ƙasa da tafin hannu don tayoyi su sha wuya, idonka na kan mita. Daƙiƙa biyu sun isa, kada ka wuce haka, don injuna biyu a kowane ɓangare idan suka maƙale suna neman fiye da ampar 2 da L298N ke iya ɗauka. Dalilin dannewar shi ne mita mai araha ba ta da sauri. Sau biyu ko uku take karantawa a daƙiƙa, faɗuwar da ke kashe Arduino kuwa na iya zuwa ta wuce a cikin kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa. Sai ka tsawaita wahalar kafin mitar ta gan ta. Lambar farko ba ta gaya maka komai. Ta biyun ita ce gaskiyar batir.

Akwai kuma gwajin da ba ya buƙatar mita. A farkon kod ɗinka, cikin setup, sashen da ke gudana sau ɗaya duk lokacin da Arduino ta tashi, sa fitilar ƙafa ta 13 ta yi ƙyaftawa uku a hankali, yadda ba za ka rikita ta da ɗan walƙiyar da Uno ke yi da kanta ba. Duk lokacin da motar ta tsaya ka ga ƙyaftawar nan uku, ka san Arduino ta mutu ta taso ne. Ko kuma ka cire wayar da ke kai wa Arduino wuta daga batir, ka ciyar da ita ta USB daga kwamfuta, injuna su ci gaba da cin batir, baƙar wayar mas, wato ta GND da ke zuwa ɓangaren − na batir, tana nan a haɗe. In haɗin Bluetooth ya daina yankewa, ko da motar ba ta da ƙarfin tafiya, an gama shari'a.

To mene ne magani? Abu biyu ne, kuma na biyun ya fi na farkon muhimmanci a wurina. Na farko, ka ba injuna batir da zai iya ɗaukar su. Na biyu, ka raba hanyar abincin injuna da ta ƙwaƙwalwa, yadda haɗamar wancan ba za ta riƙa kayar da wannan ba.

A batun batir, abin da ya dace da wannan mota shi ne 18650 guda biyu a jere, kan ɗaya a gindin ɗaya. Sunan daga girmansa aka samo, milimita 18 a kauri, 65 a tsawo. Kowane ɗaya bolt 4.2 ne idan ya cika, yawancin aikinsa kuma a wajen 3.7 yake yi. Biyu sun ba ka 8.4 a cike, 7.4 a tsakiyar aiki. Cire biyun da L298N ke ci, injuna za su samu tsakanin 5 da 6 da ɗoriya, kuma an yi su ne don bolt 3 zuwa 6. Ka ga kamar da gangan aka auna su da juna. Ban da haka, 18650 mai lafiya yana ba da ampar uku ko huɗu ba tare da ya durƙusa sosai ba.

Sai dai a nan ne ake cutar yaranmu, don haka bari in daɗe kaɗan. Za ka ga wasu a kasuwa masu riga mai sheƙi, an rubuta 6800 ko 9900 mAh. Ƙarya ce tsagwaronta. Mafi kyawun 18650 da manyan kamfanoni ke yi a wajen 3500 yake tsayawa. Ɗauki ɗaya a tafin hannu: na gaske yana da nauyin giram 45 ko kusa da haka, na bogi kuwa sau da yawa za ka ji shi fayau, don rabin cikinsa babu komai. Ni na fi amincewa da waɗanda ake cirowa daga tsohon batir ɗin kwamfutar hannu, irin wanda ba a rasawa wajen masu tsofaffin kaya a kasuwar Katako ko wajen masu gyaran kwamfuta. Sau da yawa batir ɗin kwamfuta na mutuwa ne don ƙwaya ɗaya ko biyu sun gaza, sauran da sauran ƙarfinsu, kuma na Samsung ne ko LG ko Panasonic ko Sanyo. Amma da sharaɗi. Ka buɗe robar a hankali, ba da wuƙa a tsakiya ba. Ka auna kowace ƙwaya ita kaɗai, duk wadda ta yi ƙasa da bolt 2.5 ka ajiye ta gefe, ba taka ba ce. Wadda ta loɓa, ko ta yi tsatsa, ko take wari mai zaƙi-zaƙi, ita ma haka. Sauran ka caja su, ka bar su kwana biyu ko uku, ka sake aunawa. Wadda ta riƙe wutarta a sama da bolt 4.1 ta ci jarrabawa. Ka zaɓi biyu iri ɗaya, daga fakiti ɗaya, masu lamba kusa da juna.

Ka duba rigarsu da kyau, musamman a wuya. Jikin gwangwanin gaba ɗaya, tun daga gindi har zuwa bakin da ya zagaye kan, ɓangaren − ne. Ɗan maɓallin tsakiya ne kaɗai +, kuma abin da ya raba su siririn zobe ne na takarda ko roba. Idan rigar ta yage a wurin, ƙarfen akwatin batir na iya haɗe su biyun, kuma 18650 ba ya wasa: waya za ta yi ja nan take, ƙwayar na iya kama wuta. Wadda rigarta ta yage ka naɗe ta da salatif kafin ta shiga ko'ina. Ka kuma sa fis, ɗan abin da ke yanke wuta idan kuran ya yi yawa, a jar waya, dab da batir. Irin na mota mai ƙafa biyu, na ampar 5, yana nan wajen kowane mai gyaran wutar mota.

Caji kuma, ɗan allon TP4056 da kowa ke amfani da shi na ƙwaya ɗaya ne tak. Kada ka haɗa shi da biyu a jere. Ka ciro su ka caja kowace daban, ko ka nemi allon kariya na BMS da aka rubuta wa 2S tare da caja ta bolt 8.4. Ka daina wasa da motar idan jimillar ta sauko wajen 6.6, kada ka jira sai ta kasa motsi, don zuƙe lithiyum har ƙarshe na kashe shi. Sannan ka tuna inda muke. Masu ƙera waɗannan batura sun ce kada a caja su a zafin da ya wuce digiri 45, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu inuwa ma kan wuce 40, balle ɗakin kwano da azahar. Ka yi caji da safe ko da dare kana farke, a kan siminti ko cikin kwanon ƙarfe, nesa da katifa da labule. Kada ka bar motar a rana, kada kuma ka jona ka kwanta. Ina faɗa maka wannan da gaske, don gida ɗaya kake kwana da iyayenka da ƙannenka.

Batir ɗin moto da ka ambata, ka bar shi a jikin moto. A cike yana kai bolt 12.6, injunanka za su sha fiye da 10, kusan ninkin abin da aka yi su dominsa. Za su yi gudu na ɗan lokaci, sannan ka ji ƙauri, ko haƙoran giyar roba su zube. Nauyinsa ma kaɗai ya ishi motar. Ga kuma zafi: mai daidaita wuta na Uno ba ya mayar da rarar bolt wani abu sai zafi. Daga 12 zuwa 5 akwai rarar 7, in allon da abin da ke rataye da shi na jan miliampar 200, wat 1.4 ke nan a kan abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. A yanayinmu zai yi zafi ya kashe kansa, ka dawo gidan jiya ta wata ƙofar.

Yanzu rabon hanya. Mafi sauƙi, kuma ba sai ka sayi komai ba: batir ɗinka na bolt 9 bai zama shara ba. Ka ba shi Arduino da HC-05 su kaɗai, ta ramin wuta mai zagaye. Su biyun abin da suke ja bai kai miliampar 100 ba, zai riƙe su na wasu awoyi. 18650 kuma su tafi L298N kai tsaye. Wasu na sa fawa-bank ta USB a maimakon haka, yana yi, sai dai da yawansu na kashe kansu idan abin da ake ja ya yi kaɗan, suna zaton an cire salula. In ka ga motar na mutuwa bayan ƴan daƙiƙu tana tsaye, ba tana tafiya ba, to shi ne.

Hanyar da na fi so ita ce batir ɗaya, reshe biyu tun daga tushe. Daga ƙafafun batir, bayan fis da makunni, waya biyu masu kauri su tafi L298N. Daga wannan tushen dai, wasu biyu daban su tafi ɗan allon rage wuta irin LM2596, shi kuma ya ba Arduino da HC-05 bolt 5. Shi ba ya ƙona rarar kamar mai daidaita wuta na Uno, yana sara wutar ne da sauri ya daidaita ta, don haka ba ya zafi sosai, kuma yana iya ba da wajen ampar 2. Kafin ka haɗa shi da komai, ɗora mita a bakin fitarsa ka murɗa ɗan sukurun tagullar da ke kan shuɗin akwati. Kada ka karaya in ka yi ta murɗawa lamba ba ta motsa ba, yakan ɗauki zagaye goma ko fiye ta hagu kafin ta fara sauka. Sai ta tsaya a 5.0 sannan ka kai ta ƙafar 5V ta Arduino. Wannan ƙafar ba ta da mai gadi, abin da ka ba ta shi ƙwaƙwalwa za ta sha, in ka ba ta 8 ta tafi ke nan. Idan za ka saka USB don tura kod, ka cire wannan wayar tukuna. Sannan ka lura da ɗan gadan nan baƙi da ke bayan mahaɗar wuta ta L298N. In yana nan, ramin 5V na allon fitar da wuta yake yi, don haka kada ka haɗa shi da 5 ɗin LM2596, masu daidaitawa biyu za su yi ta kokawa. In ka cire shi, ramin ya zama mashiga, dole ka kawo masa 5 ɗin. Ka zaɓi ɗaya.

Ko wace hanya ka bi, mas dole ya zama ɗaya. GND na Arduino, da na L298N, da − na batir, su haɗu. Wannan ne abin da aka fi mantawa da zarar an raba batura. Umarnin da Arduino ke aika wa L298N bolt 5 ne idan aka auna shi da mas ɗinta. In ba su da mas ɗaya, L298N ba shi da abin da zai auna da shi, sai injuna su ƙi motsi, ko su riƙa motsi yadda suka ga dama idan ka kai hannu kusa. Ka haɗa su a wuri guda, a mahaɗar GND ta L298N, kuma kada ka bari kuran injuna ya ratsa ta cikin allon Arduino kafin ya koma batir.

Akwai ɓarawon da ba a cika zargi ba, wato wayoyin kansu. Ƴan wayoyin nan masu launi-launi da ake tsirawa a allon gwaji an yi su ne don saƙo, ba don ɗaukar kuran inji ba. Yanke ɗaya ka feɗe rigar ka gani: ƴan silla ne da ba su fi gashi kauri ba, wani lokaci ka kai maganaɗisu ka ga sun manne, alamar ƙarfe ne aka shafa wa launin tagulla. Ampar uku a cikin irin wannan, da sako-sakon ramin allon gwaji, da siririn sifirin na akwatin batir, da ɗan makunni mai araha, kowane na gutsurar rabonsa, kafin wuta ta isa L298N bolt ɗaya ya tafi. Ga yadda za ka kama shi. Motar na danne a ƙasa tana ja, ka auna a jikin batir, ka auna bayan makunni, ka auna a sukurorin L298N, ka auna tsakanin 5V da GND na Arduino. Inda lamba ta yi tsalle ta faɗo, a tsakanin nan ɓarawon yake. Bayan ƴan daƙiƙu ka taɓa da yatsa, mahaɗar da ta yi ɗumi ita ce. Hanyar injuna ka yi ta da wayar tagulla mai kauri, irin ta tsohuwar igiyar rediyo ko fanka, gajeriya, a like da dalma ko a ɗaure da sukuru. Lokacin hunturu kuma ƙura na shiga makunni da akwatin batir, ka riƙa gogewa.

Bayan wannan sai kondansa. Babba ɗaya, mikrofarad 470 zuwa 1000, mai jure bolt 16 ko 25, a sukurorin shigar wuta na L298N, wani kuma kamar 100 zuwa 470 a kan 5V da GND kusa da HC-05. Suna ajiye ƴar wuta su sake ta a daidai ƙiftawar da inji ya fizga. Ƙafar da ke gefen farin layi ita ce −, in ka juya ta zai kumbura ko ya fashe. Tsohon allon rediyo ko talabijin cike yake da su. Amma ka ji ni da kyau, kondansa na cike ramin ƙiftawa ne kawai, ba ya mayar da ragon batir jarumi. Wanda ya ce ka ƙara kondansa a kan batir na bolt 9 matsala ta ƙare, bai auna ba.

In ka gyara duk wannan, bolt ya tsaya daram, amma motar na karɓar umarnin da ba ka ba ta ba, to wannan wata cuta ce daban. A cikin injin akwai ƴan burushi da ke gogar mahaɗa suna tartsatsi, tartsatsin kuma na watsa hayaniya a wayoyi. Ka lika ƙaramin kondansa mai kamar ƙwayar wake, wanda aka rubuta wa 104, a tsakanin ƙafafun kowane inji, a jikin injin kansa. Ka murɗe wayoyin kowane inji biyu kamar igiya, ka kuma nisanta HC-05 daga injuna, ɓangaren eriyarsa na kallon waje.

Sai a ƙarshe kod ya shigo, ba don yana da laifi ba, don yana iya sauƙaƙa wa batir. Kada ka tashi daga 0 zuwa 255 a analogWrite, wato daga tsaye zuwa cikakken gudu, a bugu ɗaya. Ka hau a hankali cikin kamar sulusin daƙiƙa, fizgar farko za ta ragu sosai. Kada kuma ka juya daga gaba zuwa baya kai tsaye, domin a lokacin wutar da injin ke haifarwa na haɗuwa da ta batir, kuran ya kusa ninka na tashi daga tsaye. Ka tsayar, ka ɗan jira, sannan ka juya. Ka kuma sa motar ta tsaya da kanta idan haɗi ya yanke, ta hanyar duba ƙafar STATE ta HC-05, don kada wata rana ta ci gaba da gudu ta faɗa kwata ba mai tsayar da ita.

In ka samu hali nan gaba, ka maye gurbin L298N da TB6612FNG. Abin da yake ci a cikinsa kaɗan ne ƙwarai, ba ya buƙatar wannan baƙin ƙarfen sanyaya, sai dai ampar 1.2 yake ɗauka a kowane ɓangare, don haka ya fi dacewa da mota mai inji biyu, ko ka sa guda biyu. In kuma wata rana ka koma allon ESP32 a madadin Arduino don ka tuƙa ta Wi-Fi, wannan maganar duka za ta ƙara tsanani, don shi yana son a tanadar masa miliampar 500. Alherinsa ɗaya, yana faɗin ciwonsa da bakinsa, zai rubuto maka "Brownout detector was triggered" a kwamfuta, wato wutarsa ta faɗi ƙasa.

Abin da nake so ka fara yi gobe shi ne gwajin USB ɗin nan, sannan awo a wurare huɗun da na lissafa, kowane sau biyu, motar na tsaye da kuma tana ja. Ka rubuta lambobi takwas ɗin a takarda ka aiko mini, tare da abin da aka rubuta a jikin 18650 ɗin da ka samu, kafin ka saka su a mota.